Kafin Ka Sayi Mota Ta Biyu: Jagora Ga Mai Jigilar Kaya

Duk shekara, idan kaka ta ja baya, sai wani matashi ya same ni a kan benci a bakin tashar Sabuwa, ya gaishe ni, ya yi ɗan jim, sannan ya ce, "Baba, so nake in ƙara mota." Wata huɗu ke nan yana kwasar masara da waken suya zuwa Ɗandume da Funtuwa, kuɗi sun taru a hannunsa irin waɗanda bai taɓa riƙewa ba. Ni kuwa tambaya uku nake yi masa. Nawa ka kashe wa taya bana? Wa zai ja ta biyun? In ta kwana ashirin a gareji, me direban zai kai gida? Galibi a ta farko ake maƙalewa. Wasu su ji haushi su je su saya, kafin damina ta tsaya ka ji suna cigiyar mai sayen ɗaya don a tayar da ɗaya.

Ba dariya nake musu ba, don ni ma na sha wannan ruwan. Da yaron mota na soma, na zama direba, na mallaki tawa, na kai huɗu a lokacin da nake jin na iya, na wayi gari da ɗaya. Yanzu mota ƙirar kanta biyu gare ni da kurkura, kuma sun fi huɗun can kawo na cefane. Abin da ya ci ni shi ne yake cin yaran nan. Mai mota ɗaya direba ne, kowace naira ta hannunsa take bi. Ranar da ya ƙara ta biyu ya koma mai riƙon mutane da lissafi, sana'ar da ba wanda ya koya masa a tasha.

Aikinmu a wannan yanki kashi uku ne. Akwai hatsi da kaka, daga ƙauyuka irin su Damari da Machika da Maibakko zuwa kasuwar Ɗandume, wani lokacin har Dawanau a Kano. Akwai taki gabanin damina da siminti da rani. Sai kayan gida: na amarya, na malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki, da na iyalan da rashin tsaro ya tasa daga ƙauye zuwa cikin gari ko Funtuwa ko Zariya. Kowanne da irin lissafinsa.

Abin da za ka tanada

Littafi mai bango mai ƙarfi, kowace mota da nata. Waya takan faɗa ruwa, caji ya ƙare, littafi kuwa yana nan.

Takardu cikakku: lasin mota, takardar lafiyarta, inshora, da lasin direba wanda ya dace da motar kaya. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙara kuɗin inshorar dole, ta babbar motar dako ta koma naira 100,000 a shekara. Ka sani wannan inshora ta wanda ka buge ce. Ba ta gyara motarka, ba ta biyan buhunan da ka ɗauko.

Rajista a tasha. Direbobi na da NURTW, masu motoci na da NARTO. Kuɗin tikiti yana da ciwo, amma ranar da motarka ta sami matsala a garin da ba ka san kowa ba, su za ka nema.

Tamfol biyu marasa huda, igiya mai yawa, tsofaffin barguna, kwalaye, sifana da sukundireba, jak, safaya mai iska, tukunyar kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Waɗannan na ƙarshe su jami'an kiyaye haɗurra da 'yan bi-ai-o da KASSAROTA suke fara tambaya.

Bakanike ɗaya da ka yarda da shi. Sai kuɗin da zai riƙe ma'aikatanka wata biyu ko taya ba ta juya ba.

1. San abin da sawu ɗaya yake ci

A nan ake faɗuwa. Sabon shiga yana cire kuɗin mai da na direba, abin da ya saura ya kira shi riba. Bari in kawo misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, kai ka sa naka na yau. An ba ka lodi a kan naira 100,000. Gas ya ci 40,000. Direba da yaron mota sun karɓi 15,000. Tikitin tasha da la'adar ɗan kamasho da abin da aka miƙa a hanya sun kwashe 10,000. Saura 35,000, ka cusa a aljihu kana murmushi.

To, a cikin 35,000 ɗin nan akwai kuɗin da ba naka ba. Kanta taya shida take takawa, kuma kowane sawu yana gutsurar su. Ka duba kuɗin sabbi shida, ka raba da yawan sawun da suke yi maka kafin su siɗe, abin da ya fito shi ne haƙƙin taya a kowane sawu. Haka za ka yi wa juyen baƙin mai da filta, da birki, da kuloci, da batir, da takardun shekara. Sannan ka ware wa babban gyara nasa, domin ranar sauke inji tana tafe ko ka shirya ko ba ka shirya ba. A ƙarshe akwai tsufan motar kanta, wanda ba ya zuwa da rasit, sai ranar da ka tashi sauya ta ka ga kuɗinta ba su sayen rabin wata. In ka cire duk wannan, 35,000 na iya komawa 15,000. Wani sawun ma ka tarar kyauta ka yi wa mai kaya.

Dalilin rubutawa kowace rana shi ne farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Masu a-kori-kura da kurkura su suka ji wannan a jika. Mu masu kanta tun 2022 muka sha tamu, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ninka kuɗin gas, wanda da ma babu tallafi a kansa. A duka lokutan biyu na ga mutane sun yi makonni suna ɗaukar lodi a tsohon farashi, don kunyar tsohon abokin ciniki, har suka cinye kuɗin tayarsu. Mai littafi yakan buɗe ya nuna wa Alhajin hatsi: ga abin da na sha jiya, ga na yau. Ɗan kasuwa yana jin yaren lambobi.

2. Raba aljihun mota da na gida

Kuɗin mota su zauna a asusu dabam, ko a banki ko wurin wanda ba ka iya tasa da dare. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowane ma'aikaci, cefane da biki da suna su fito daga ciki. Haƙƙin taya da gyara kuwa ka fitar da shi ranar da aka biya ka, kada ya kwana tare da sauran. Ni adashi nake zuba nawa, nakan roƙi kwasata ta faɗo wajen Satumba, daidai lokacin shirya mota don kaka.

3. Ɗaukar direba

Mota dukiyar miliyoyi ce, za ka miƙa makullinta ga mutumin da zai ɓace maka daga asuba zuwa magariba. Duk da haka na ga waɗanda suka fi bincike a kan ragon layya fiye da direba.

Ka fara da inda ya baro. Je da ƙafarka wurin tsohon maigidansa, kada ka tsaya ga waya. Ka tambayi bakaniken da yake gyara motar da ya ja, domin bakanike ya san direba fiye da uwar da ta haife shi: ya san mai kwana a kan kuloci, ya san mai barin ruwan lagireto ya ƙafe. Ka tambayi 'yan dako, su suka san bakinsa da hannunsa. Sannan ya kawo mai tsaya masa, dattijo mai gida a gari, a zauna gaban shugabannin tasha ko mai unguwa a rubuta sharuɗɗa, kowa ya sa hannu.

Gwaji kuwa da lodi ake yi. Kowa gwani ne a mota fanko. Ka cika ta, ka zauna gefensa daga Sabuwa zuwa Ɗandume, ka yi shiru ka sa ido. Ya duba mai da ruwa da iska kafin ya tayar, ko sai da ka ce? In ya hango rami, tun daga nesa yake sauke giya ko sai ya iso ya danne birki? Yaya yake da masu babur? Abin da ka gani ranar nan da kake zaune, ka ninka shi biyu, shi zai yi bayan idonka.

Sai maganar ƙwaya, wadda ba a son faɗa. Da kaka, lodi ya yi yawa, wasu sukan sha abin hana barci don su yi sawu uku a rana. Wanda ka ga idonsa a bushe, bakinsa ba ya hutawa, ga gumi cikin sanyin hunturu, ka ba shi haƙuri ko da ya fi kowa iya tuƙi. Amma ka binciki kanka ma, don sau da yawa maigida ne yake ɗora sawun da ɗan Adam ba ya iyawa da ƙarfin tuwo.

Ɗan'uwa fa? Ban ce kada ka ɗauka ba, garin nan duk dangi ne. Sai dai ka tambayi kanka: in ya yi laifin kora, zan iya korarsa ba tare da an kai ƙarata wurin Inna ba? In amsar a'a ce, ka ba shi jari ya yi wani abu, ya fi maka arha. Ɗaya daga cikin motocina huɗu a hannun ɗan wana ta mutu, wata takwas ina gani ina haɗiyewa.

Yaron mota shi ne direbanka na gobe, don haka kai za ka zaɓe shi, kuma kai za ka riƙa biyansa hannu da hannu. In ka bar wa direba, ko dai ya danne haƙƙin yaron, ko su haɗa kai a kanka.

4. Yadda za ka biya su

Tsari uku ake bi a tashoshinmu, duk na gwada su.

Na farko balas: direba ya kawo maka ƙayyadadden kuɗi kullum ko duk mako, saura nasa. Yana da daɗi ga maigida, ba lissafi, ba ciwon kai. Motar ce take biya. Tunda duk abin da ya haura nasa ne, zai yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ya tsallake juye, ya zuba mata baƙin mai na gwangwani. Bayan shekara ya miƙo maka makulli da gawa. Balas ya dace da kurkura mai zagaye cikin gari, wadda kake gani safe da yamma.

Na biyu albashi tsantsa. Nan kuma sai ka ga mota ta kwana Funtuwa don wai ba lodi, alhali ba a nema ba.

Na uku kaso, bayan an cire mai da kuɗin hanya. Wannan ya fi, domin direba ya san duk litar da ya tsimar akwai rabonsa a ciki. Raminsa shi ne sawun ɓoye, a sauke a Ɗandume a ɗan yi wani gajeren lodi zuwa Funtuwa ba ka sani ba. Maganinsa kai ka riƙe cinikin lodi, ko ɗan kamasho ɗaya da kuka saba, ka kuma rubuta lambar mita da safe da dare in tana aiki.

Abin da na tsaya a kai gauraye ne. Akwai ɗan albashin wata wanda ba ya tsayawa ko mota na gareji. Akwai kuɗin sawu a kan kowane lodi. Akwai kuɗin abinci da ake bayarwa kafin a tashi, don kada a taɓa na mai. Sai tukuici a ƙarshen kaka ga wanda bai yi haɗari ba kuma tayoyinsa suka kai lokacin da muka ɗiba musu. Ɗan albashin nan shi ne gishirin tsarin. Mutumin da ya san yaransa za su ci ko an sauke giya, da kansa zai ce maka, "Alhaji, ina jin wata ƙara a baya, a duba." Wanda kwanan gareji yake nufin yunwa a gidansa kuwa zai ɓoye ƙarar har aksul ya tsinke a dajin da ba a son tsayawa.

A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma direbanka ya ji a rediyo, kuma da ita yake auna ka. Ka haɗa duk abin da yake samu a wata na tsaka-tsaki, ba na kaka ba, ka gani ko zai riƙe gida. In ba zai riƙe ba, to cikon daga tankinka zai fito, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ka sa ranar biya, kada ta motsa. Bashi kuwa za a nema, haihuwa da rashin lafiya ba sa sallama. Ka bayar, ka rubuta, amma kada ya wuce abin da za a iya cirewa cikin wata biyu. Direban da bashi ya yi wa katutu guduwa yake.

'Yan dako a hatsi kan buhu ake biyansu, kuma kowace kasuwa da farashin da suka tsayar. Abin da za ka kiyaye shi ne a faɗa tun farko wa zai biya lodi, wa zai biya sauke, kai ko mai kaya. Ka biya su nan take, kuɗi a hannu. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, na ga mota cike ta yini ba a sauke ba don maigidanta tiransifa kawai gare shi.

5. Kayan gida da na amarya

Wannan aikin ya fi hatsi riba, ya kuma fi shi jawo magana. Buhun masara in ya faɗi a ɗaga. Madubin amarya in ya fashe, har jikokinta sai sun ji sunanka.

Kada ka yanke kuɗi a waya. "Ɗan kaya ne kaɗan, Malam" ya sha zama ɗaki biyu da falo da injin markaɗe. Je ka gani. Ka duba ko mota za ta shiga lungun, ko sai an yi dako mai nisa. Ka duba faɗin ƙofar inda za a kai, ka tambaya ko bene ne. Ka tambaya ko kafinta zai biyo ku ya kwance gado da sif ya ɗaura, in ba haka ba yaranka za su yi, wannan kuma kuɗinsa dabam. Sai ka yi jinga ɗaya da ta haɗa mota da 'yan dako, ka karɓi rabi kafin a tayar. Ka faɗi kuɗin jira tun da wuri, domin ranar jere mata ba sa sauri, motar da ka ce za ta dawo da azahar tana iya kai isha ana jiran gwaggon da ke riƙe da makullin ɗaki.

Kafin a ɗora komai, a ƙirga tare da wakili ɗaya na masu kaya, a rubuta, ka ɗauki hoton duk abin da da ma yake da tabo. Mutum ɗaya za ka ce a ba ka. In ka saurari mata goma, umarni goma za ka samu.

Lodi kuwa masu nauyi ne gaba, jikin kan mota: sif, firij, buhunan gara. Firij a tsaye yake tafiya, in an sauke a bar shi ya huta wasu awanni kafin a sa masa wuta, don man injinsa ya koma mazauninsa. Madubi da gilashi a kan gefensu ake tsayar da su tsakanin katifu, ba a kwantar da su. Kujeru a juya su fuska da fuska da bargo a tsakani. Duk inda igiya za ta ciji katako a sa kwali. Ƙusoshin gado a ɗaure a leda a ba direba ya sa a gaban mota. Kwanuka da kuloli da tangaran su ne ƙarshen shiga, farkon fita. Tamfol kuwa ko da rani a rufa, saboda ƙura da idon mutane.

Na koyi maganar madubi da tsada. Wata shekara gab da azumi, lokacin da bukukuwa suke cunkushewa, na karɓi jere biyu rana ɗaya. Cikin sauri yarana suka kwantar da ƙofar sif mai madubi a kan katifa, suka ɗora kujera. Da aka buɗe a gidan ango ta tsage gida uku. Gwaggon amarya ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, shekara biyu uwarta tana adashi." Na biya har da kuɗin motar kafinta daga Funtuwa, ya haura abin da na samu a jeren biyu. Tun daga ranar jere ɗaya nake karɓa a rana.

Wa zai biya ɓarna? Kai, nan take, ba tare da jayayya a ƙofar gidan mutane ba. Daga baya ku zauna da yaranka. In sakaci ne bayyananne, a cire musu wani abu kaɗan-kaɗan don su ji a jika. Kada ka ɗora wa yaron mota kuɗin sif gaba ɗaya, albashinsa na wata nawa ke nan? A hatsi ma haka: malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa mai dakon abinci lamunin abin da ya ɓata a hannunsa, sai in ya kawo shaidar ba da sakacinsa ba ne. Don haka a ƙirga buhu a rubuta wajen lodi, a sake ƙirgawa wajen saukewa.

Kuma kada mutum ya hau saman kaya. Za a roƙe ka, 'yan rakiyar jere za su ce nan da nan ne. Ka sama musu wata mota.

Iyalan da suka taso daga ƙauye don tsoro, ni ban iya yi musu farashin kasuwa ba. Nakan cire mai da haƙƙin yara da na taya, in yafe nawa. Amma ina rubuta shi a littafi da sunan sadaka, don kada in ruɗi kaina a ƙarshen wata.

6. Toshe ƙofofin da kuɗi ke zurarewa

Mai: gidan mai ɗaya, a cika tanki a gabanka ko gaban wanda ka wakilta. Ka hau motar da kanka sau biyu ko uku a kowace hanya, ka san abin da take sha da lodi da kuma fanko. Daga nan ba sai ka zargi kowa ba, littafi zai yi magana.

Obalodi: buhu goma na ƙari kuɗi ne da ake gani yau, karyewar sifirin da fashewar taya kuwa sai wani mako, shi ya sa ake ruɗuwa. Ka yanke adadin buhun da motarka take ɗauka, ka gaya wa ɗan kamasho da bakinka. Ka tuna buhun masara na kasuwa da ake cewa kilo 100 sau da yawa ya haura, an yi masa toliya.

Dawowa fanko ita ce asarar da ba a jin zafinta. Mai ka ƙona, taya ka ci, ba ko sisi. Kafin mota ta bar Sabuwa ka san abin da za ta ɗauko a Funtuwa ko Zariya: taki, siminti, kwanon rufi, kayan masu shaguna. Ko rabin farashi ne ya biya gas. Masu shagunan gari in sun san ranakun da kake dawowa, su za su riƙa nemanka.

Gyara: kai ka sayi kayan, ko ka ce a kawo maka tsohon da aka cire. Tayar Beljiyam a gaba kuwa ban yarda da ita ba ko kyauta ce.

7. Hanya

Ba sai na gaya wa ɗan Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara halin da ake ciki ba, ga dajin Birnin Gwari a maƙwabta. Ƙa'idodina kaɗan ne. Ba fita kafin gari ya waye sosai, ba tafiya bayan la'asar sakaliya a hanyoyin da aka sani. A tambayi waɗanda suka fito kafin a shiga. In direba ya ce ransa bai kwanta da hanya ba yau, magana ta ƙare, ko lodin nawa ne. Kuma kada ka ɗauki kayan da ba ka san mai su ba, musamman jarkokin mai, babura, buhunan abinci zuwa ƙauyen da ba kasuwa, ko dabbobi marasa takarda. Kuɗinsu yakan yi daɗi fiye da kima, ƙarshensu kuwa a kama mota da direba da zargin kai wa 'yan bindiga kaya.

Ajiyar wata biyu da na ambata, ga dalilinta. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka hana motocin itace, aka ƙayyade man da za a sayar wa mota a kan naira 5,000 a 'yan gidajen mai da aka ware. A Satumba aka katse layukan waya. Lodi ya ragu, sawu ya ƙara tsawo, mota in ta fita ba ka da labarinta sai ta dawo. Waɗanda ke biyan bashin mota duk mako su suka fara sayarwa.

8. Yaushe za ka ƙara?

Idan littafinka ya cika shekara guda, kaka da rani da damina, kuma ya nuna riba bayan an cire taya da gyara da albashinka. Idan kana mayar da lodi akai-akai don mota ba ta isa ba, har a watannin da ba na kaka ba. Idan direban ta biyun yana hannu tun kafin motar, wanda ya fi kuwa yaron motarka ne da ka rena, ya yi lasin. Idan za ka biya ba tare da ka taɓa ajiyar wata biyu ba.

Ka sayi irin wadda kake da ita, don bakanike ɗaya da safaya ɗaya su yi wa duka biyun. Ka je da bakaniken wurin saye, ka biya shi yininsa. Ka saya da rani, lokacin da masu sayarwa suka matsu, ka gyara a natse kafin Oktoba. In ka kai uku, ka yi rajistar suna a hukumar CAC, ka buga rasit, ka buɗe asusu da sunan, domin kamfanonin Funtuwa da masu kwangilar taki takarda suke fara tambaya, haka ma duk mai hangen aikin tashar tsandauri da aka buɗe a can a Mayun 2024. A nan ne kuma za ka sauka daga sitiyari ka ɗauki yaro mai ilimi ya riƙe littattafai, kai ka koma neman lodi da zagayen gareji.

Wani lokacin ma abin da kake buƙata ba kanta ba ce. Ni ta ukuna kurkura ce, kuɗinta bai kai rabin na kanta ba. Ita take shiga gonaki da lungunan da babbar ba ta shiga, ta tara buhu biyar nan, takwas can, kafin hantsi lodin kanta ya haɗu a bakin titi. In an sami ƙaramin ƙaura cikin gari, katifa da buhu biyu da tukwane, ita ke zuwa, yaron da ke janta ya kawo balas ɗinsa bayan magariba.